Haƙoran karena sun fito da zobe ruwan ƙasa, datti ne ko ciwo?

Baban Sadiq, Hanwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilmin dabbobi a gidan nan ku taimaka min da shawara. Ina da karen gadi ruwa biyu, uwarsa Alseshan ubansa ɗan gida, watansa 7 yanzu kuma ya gama famfara, to amma haƙoran da suka fito sam ban gane musu ba. Jiya da yamma na sa safar hannu na ɗaga leɓensa a haske, fiƙoƙin nan guda huɗu kowanne akwai wani zobe ruwan ƙasa da ya zagaye shi a tsakiya, wajen ya ɗan lotsa ciki, in ka sa farce sai ka ji kaushi har wani gari-gari yake fita. Na gaban ma haka, turamen ma wasu haka. Kuma in aka zuba masa ruwan randa da safe sai ya lasa kaɗan ya ja baya yana girgiza kai, sai rana ta doki ruwan sannan ya dawo ya sha. Yaron da ke min wankansa ya ce datti ne kawai a dirje da gawayi da gishiri, ni dai hankalina bai kwanta ba na ce bari in tambaya tukuna.

Dan Farauta, Dakace:
Wa alaikumus salam. Malam wannan ai rashin kashi ne, ku yan boko kuna ta dura ma kare shinkafa da taliya ina zai samu karfin hakori, ka je wajen mahauta a Tudun Wada ka samo mai kashin kafar sa ya rinka gwaguya wlh sati biyu zaka ga sun yi fari tas, mu haka muka gada kuma karnukan mu har gada suke kamawa

Alhaji Mai Kaji, Kwangila:
Ko dai an ba shi ja da yalo yana ƙarami? Don na san maganin nan yana rina haƙorin yara.

Baban Sadiq, Hanwa:
Eh to Alhaji, yana da kamar wata 2 ya yi wani ciwo mai tsanani, zazzaɓi, idonsa na kwantsa, majina kore-kore, ga tari ga zawo, har mun cire rai. Wani mai kemis ne ya yi masa allurai a lokacin ya haɗa da kafso, sai Allah ya tashi kafaɗunsa. Tun daga nan dai ƙafarsa ta baya ɗaya takan yi fizga ko yana barci.

Likitan Dabbobi, Samaru:
Baban Sadiq sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, dan Allah a dakata da gawayin nan da gishiri, kuma kar a ba shi ƙashin. Zan yi bayani da ɗan tsawo ku yi haƙuri.

Ba zan yanke hukunci a waya ba sai an gan shi ido da ido, amma abin da ka lissafa, zazzaɓi da kwantsa da majina da tari da zawo a ɗan kwikwiyo mai wata 2, sannan ya tashi da fizgar ƙafa, duk likitan da ya ji wannan, cutar karnuka da ake kira distemfa zai fara kawowa a ransa. Ka taɓa tafin ƙafarsa da saman hancinsa ka ji ko sun yi tauri sun yi kauri, shi ma yana cikin alamun da take bari.

Ga yadda abin yake. Farin ɓawon nan mai sheƙi da ke lulluɓe da haƙori, inamal, ba a waje ake yin sa ba, tun haƙorin yana ɓoye a cikin muƙamuƙi ake gina shi. A kare, na haƙoran girma ana yin sa ne daga wajen sati 2 da haihuwa zuwa wata 3 ko ɗan sama da haka. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu kenan, su shimfiɗa ɓawon kaɗan-kaɗan daga tsinin haƙori suna gangarowa zuwa gindi. To ƙwayar cutar distemfa tana kai musu hari kai tsaye, shi ma zazzaɓi mai zafi yana tsayar da su. Kwanakin da ya yi a kwance sai aikin ya tsaya ko ya fito a gurɓace, da ya warke sai suka ci gaba. Shi ya sa ka ga zobe ne a tsakiya, sama lafiya ƙasa lafiya, kuma a haƙora da yawa lokaci guda. Abin ya faru tun wata biyar da suka wuce, yanzu ne dai haƙoran suka fito ka gani.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne, da zarar haƙori ya tsago, waɗannan masu ginin sun gama aiki sun mutu. Ɓawon haƙori ba ya sake tohuwa, ko a mutum ko a kare ko a kyanwa. Babu abinci ko allura ko ƙwaya da zai dawo da shi.

Dan Farauta, Dakace:
Likita ranka ya dade ban ki ta taka ba amma kashi fa yana wanke hakori wannan da idona na gani ba labari ba

Likitan Dabbobi, Samaru:
Ai ban ƙaryata ka ba Malam, gwaguya tana kankare dauɗar da ta daskare a jikin haƙori, wannan gaskiya ne. Sai dai na Baban Sadiq ba dauɗa ce a sama ba, rami ne a jikin haƙorin. Ka san kwanon langa in fentinsa ya ɓare, wajen sai ya yi tsatsa, duk dirzar da za ka yi ƙara faɗaɗa ɓarewar kake yi. Ruwan ƙasan da yake gani shi ne sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, dantin, wanda ya fi laushi kuma cike yake da 'yan ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani da suke tafiya har wajen jijiya. Ta nan launin abinci yake shiga ya rina shi, ta nan sanyin ruwan randa yake kaiwa ga jijiya ya ji zuga, ta nan kuma ƙwayoyin cuta za su iya bi su kashe haƙorin.

Kuma mutane ba su san cewa ɓawon haƙorin kare siriri ne ba. Na mutum a turmi yakan kai milimita 2 har da ɗoriya, na kare da kyanwa yawanci bai kai milimita 1 ba. Ƙashin ƙafar sa yana fasa babban turmin sama na lafiyayyen kare ma, balle wanda dama ya fito da rauni.

Maman Ilham, Gyallesu:
Allah sarki bawan Allah, ashe yana ta shan azaba ba bakin faɗa. Dakta to in aka riƙa ba shi madara da ƙwayar kalsiyam fa, ba zai ɗan cike ba?

Ɗalibar Likitancin Dabbobi:
A'a Mama ba zai cike ba. Kuma kalsiyam ɗin nan da masu karnuka suke ta ɗirka wa ƙananan karnuka ba ƙa'ida yana da illa, musamman manyan jinsi irin su Alseshan da Boabul, yana ɓata musu girman ƙashi da gaɓoɓi. In abincinsa ya wadatar ba ya buƙatar ƙari.

Zancen ja da yalo da Alhaji ya kawo kuma yana da tushe, tetrasaikilin kenan, har da allurar LA ɗin nan da ake yi wa shanu danginsa ce. Tana manne wa haƙorin da ake cikin ginawa ta mayar da shi rawaya, shi ya sa ake guje mata a karya mai ciki da ƙananan 'ya'ya. Amma ita yawanci launi take canzawa, in ka shafa haƙorin za ka ji shi sumul. Wanda ke lotsawa yana marmashewa wani abu ne daban. Zai iya yiwuwa ma duka biyun sun haɗu a kansa tunda ba a san abin da ke cikin alluran da aka yi masa ba.

Injiniya, Palladan:
Ni kuma tunanina ya tafi kan ruwa ne. Na yi aiki wajen Kaltungo, kuma haka ake faɗa a Langtang, za ka ga mutane da yawa haƙoransu da tabo ruwan goro tun suna yara saboda wani sinadari da ake kira fulorayid ya yi yawa a ruwan ƙasar. Ba zai yiwu ruwan burtsatsen gidansa ba ne?

Likitan Dabbobi, Samaru:
Injiniya, ruwa yana cikin abubuwan da ke kawo shi, fulorayid in ya yi yawa yana ɓata ɓawon haƙori a mutum da dabba duka. Amma da ruwan ne da an gani a yaran gidan da na maƙwabta da suka tashi a kansa, kuma da ba zai tsaya a zobe ɗaya ba tunda kullum ake shan ruwan. Baban Sadiq yaya haƙoran yaranka?

Baban Sadiq, Hanwa:
Lafiya lau alhamdulillah. Na je na taɓa tafin ƙafar yanzu Dakta, wlh ya yi tauri sosai har da tsagewa a gefe, hancin ma ya bushe ya yi kauri. Abin da ke ɓata min rai shi ne wanda ya sayar min da shi ya rantse ya ce an yi masa rigakafi duka.

Mai Kiwon Karnuka, Sabon Gari:
To fa, yanzu za a ɗora wa masu sayarwa. Yallaɓai ba kowa ne maƙaryaci ba, ni da kaina na taɓa yi wa 'ya'ya allura kuma ɗaya ya kamu, to ya za a ce? Wani lokacin ma gado ne daga iyaye ba ruwan allura.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi:
Yaya ba wanda ya kira sunan kowa. Amma allura ɗaya ba ita ce rigakafi duka ba, nan ne ake samun matsala. Ana farawa ne a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har sai ya kai sati 16. Dalili kuwa, kariyar da ya sha a nonon uwarsa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba ka san ranar da wannan kariyar za ta ƙare ba, shi ya sa ake bi a jere. Wanda aka sayar a sati 6 ko 7 ba yadda za a yi a ce an gama masa. Sannan ita allurar rayayyiya ce sai da sanyi, in ta kwana a firij ba wuta ko aka ɗauko ta a aljihu cikin ranar nan ta Zariya a watan Afrilu, sunan an yi kawai. Duk mai sayen kare ya ce a ba shi kati, a jikin katin a ga takardar da aka ɓaro daga kwalbar an manna, da kwanan wata da sa hannun likita.

Likitan Dabbobi, Samaru:
Ta faɗi daidai. Zancen gado kuma akwai shi, ban musa ba, an tabbatar da shi a wasu jinsuna kamar Samoyed da Akita da Poodle babba da ɗan siririn karen tseren nan na Italiya. Amma na gado yana da kama, kusan duk haƙoran yake kamawa gaba ɗaya daga sama har ƙasa, sau da yawa har da na nono, kuma ba sai kare ya yi wani ciwo ba. Irin wannan ba a barinsa ya yi barbara, iyayen ma a daina haɗa su. Na Baban Sadiq da tarihin ciwo da zobe da taurin tafin ƙafa, ba can hankalina ya tafi ba.

Akwai kuma na uku da nake yawan gani, haƙori ɗaya tal ko biyu a gefe guda. Wannan yawanci bugu ne yana ƙarami, ko uwarsa ta cije shi a fuska, ko ya faɗo, ko haƙorin nono ya karye ya yi ruwa a gindi, ko wani ya sa filaya ya fizge masa fiƙar nono. Saiwar haƙorin nono tana dab da na girman da ke kwance a ƙasa, kana taɓa ta ba daidai ba ka ɓata wanda bai fito ba. Dan Allah masu karya wa 'yan kwikwiyo tsinin haƙori don kar su ciji yara su bari.

Alhaji Mai Kaji, Kwangila:
Ni fa ku yi min haƙuri zan faɗi gaskiyata. A wannan marra da mutum ke fama da ciwon haƙori ya kasa zuwa asibitin Shika ya ƙare a man kanumfari da auduga, a ce za a kai kare a yi masa ciko? Kare ne fa, in yana ci yana haushi da dare ai shikenan, a bar shi haka mana. Kuɗin nan a kai gidan marayu ya fi.

Maman Ilham, Gyallesu:
Haba Alhaji, da girmanka. Shi ya ɗauko shi ya ɗaure a gidansa fa, dabbar nan ba ta da inda za ta kai ƙara, kai kajinka in suka fara mura ba a daren kake neman likita ba?

Alhaji Mai Kaji, Kwangila:
Kaji jari ne Hajiya, su nake ci da iyali da su.

Malam, Ƙofar Doka:
Alhaji abokina, maganarka ta halin da mutane ke ciki gaskiya ce kuma ba wanda zai raina ta. Sai dai duk dabbar da mutum ya tsare a hannunsa, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kansa gwargwadon ikonsa. Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ba a ce ya ci bashi ko ya hana iyalinsa ba. Amma wanda yake da hali, kuma karen nan shi ke kwana a waje yana tsare masa gida, rage masa ciwo ba almubazzaranci ba ne. Sadaka ga marayu kuma ƙofarta a buɗe take, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Likitan Dabbobi, Samaru:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Alhaji bari in ƙara da ɓangaren aljihun ma tunda shi ne damuwarka. Kare yana da haƙoran girma 42, ba cewa aka yi a cike duka ba. Kuma cin abinci ba shaidar lafiya ba ce, kare zai ci da ruɓaɓɓen haƙori a bakinsa don yunwa ta fi, sai ranar da ka ga ƙasan idonsa ya kumbura ya fashe yana zubar da ruwa, a yi ta wanke gyambo ana ba da magani yana dawowa, alhali saiwar turmin sama ce ta ruɓe. A lokacin kuɗin ya fi yawa wahalar ma ta fi yawa.

Abin da ake yi mataki-mataki ne. Da farko a duba shi sosai, kuma wannan sai da allurar barci, ba karen da zai buɗe baki a yi masa aiki yana kallo. In da hali a ɗauki hoton haƙoran, saboda distemfa takan taɓa saiwa ma ta fito gajera ko a naƙase, kuma a hoto ake gane wanda jijiyarsa ta riga ta mutu. Sai a wanke, a goge ɓawon da ya yi laushi yana marmashewa har a kai ga mai ƙwari, a daidaita bakin ramin ya yi sumul don kar dauɗa ta riƙa maƙalewa. Daga nan a shafa ruwan liƙi irin wanda likitocin haƙorin mutane ke amfani da shi, a haska masa shuɗiyar fitilar nan ya daskare, ya toshe waɗancan ƙananan hanyoyin. Wannan kaɗai yana sauke zugar sanyi sosai. Liƙin yana cinyewa a hankali, amma kafin nan haƙorin da ke da rai ya samu lokaci ya ƙara gina dantin ta ciki ya kare jijiyarsa, shi wannan sashen yana ƙaruwa, ɓawon ne ba ya dawowa. Inda ramin ya yi zurfi a manyan haƙora kamar fiƙa sai a sa farin ciko. A ƙasashen da ke da kayan aiki har hular ƙarfe suke sa wa fiƙar karnukan 'yan sanda da na soja. Wanda ya mutu kuma ko dai a kwashe jijiyar a cike ko a cire shi, mu a nan cirewa ta fi sauƙin samu. Bayan wata 6 zuwa shekara a sake dubawa.

Kai da kake Hanwa asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana kusa da kai a Samaru, ka kai shi ɓangaren ƙananan dabbobi su gan shi, ka faɗa musu tarihin ciwon nan da fizgar ƙafar tun kafin a yi zancen allurar barci, yana da muhimmanci su sani. Kuma yanzu da yake ƙarami ne lokacin yi, saboda a wannan shekarun jijiyar tana da faɗi bangon haƙorin kuma siriri.

Baban Sadiq, Hanwa:
Na gode ƙwarai Dakta Allah ya saka. Kafin in kai shi me zan riƙa yi a gida? Kuma yarana suna wasa kusa da shi, ga kyanwar maƙwabta tana shigowa, ba zai shafa musu ba?

Ɗalibar Likitancin Dabbobi:
Distemfar kare ba ta kama mutum Baba, kuma ba ita ke kwantar da kyanwar gida ba, su tasu cutar daban ce da allurarta daban. Tabon haƙorin shi kansa ba ya yaɗuwa. Abin da za ka tabbatar kafin kowa ya riƙa sa hannu a bakinsa shi ne allurar haukan kare, ana yin ta daga wata 3, in ba ka da takardar da ta nuna an yi to ka ɗauka ba a yi ba.

A gida, ruwa kar ya zama mai sanyi ƙarara, abinci mai laushi, ba ƙashi ba ƙaho ba kofato, kar a bar shi yana cizon sarƙa ko ƙarfen keji. A samu buroshi mai laushi irin na yara a riƙa goge masa a hankali kullum, ta wajen kumatu kawai ya isa, ka fara da yatsa da ƙyalle har ya saba. Amma banda makilin ɗinmu, shi ba ya tofarwa haɗiyewa yake, ga fulorayid, wasu kuma akwai sinadarin zaƙi da ake kira zailitol a ciki wanda guba ne ga kare. In ba a samu nasu ba ruwa zalla ya fi. Banda lemon tsami, banda kanwa, banda toka.

Maman Ilham, Gyallesu:
Dakta tunda ana kan zancen bari in shigo da tawa. Kyanwata ta kai shekara 6, 'yan kwanakin nan in tana cin kifi sai ta karkata kai gefe guda abincin yana faɗowa, wani lokacin ta yi ƙara ta gudu ta bar kwanon. Na riƙe ta a cinya na duba, wani ƙaramin haƙori na ƙasa bayan fiƙa akwai jan abu a gindinsa kamar dasashin ya hau kansa, da na taɓa da tsinken auduga sai haɓarta ta hau karkarwa kaf-kaf-kaf har na tsorata. Shi ma irin na karen ne?

Likitan Dabbobi, Samaru:
A'a Hajiya wannan daban ne, kuma kin kwatanta shi yadda yake. Matsalar ɓawo tun daga ginawa ba ta cika yawa a kyanwa ba, kuma da ita ce da tun tana wata 6 aka gani lokacin da haƙoranta 30 suka gama fitowa. Taki sai da ta girma lafiya sannan ya zo. Abin da ya fi kama da shi wani ciwo ne da ya yi yawa a kyanwoyi manya, jikin ne da kansa yake cinye haƙorin, yana farawa daga saiwa ko dab da dasashi ya yi ta ci har ɓawon ya rufta, sai jan nama ya cike ramin. Wannan ƙaramin haƙorin na ƙasa da kika ce shi ya fi fara kamawa. Karkarwar haɓar kuma zafi ne, mai tsanani ma. Ciko ba ya riƙe shi don cin yana ci gaba ta ƙarƙashi, maganinsa a cire haƙorin, kuma a duba sauran don da wuya ya tsaya a ɗaya.

Ina roƙonki da Allah kar ki ba ta farasitamol, ko ɓari kaɗan yana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kare ma ba a ba shi ibufurofen ko diklofenak na mutane, suna huda ciki su taɓa ƙoda. Akwai nasu maganin zafin likita zai auna da nauyinta.

Maman Ilham, Gyallesu:
Innalillahi, to in an cire da me za ta ci abinci?

Likitan Dabbobi, Samaru:
Za ta ci fiye da yanzu. Kyanwa dama ba ta cika tauna ba, yanka take ta haɗiye, akwai waɗanda aka cire wa kusan duka suna cin abincinsu har suna ƙiba. Kwana kaɗan na abinci mai laushi ne wajen ya warke.

Dan Farauta, Dakace:
To likita ni ma bari in tambaya tunda naga abin na ilmi ne, babban karena da nake fita dashi shekarar sa takwas fikokin sa duk sun cinye sun zama guntaye kuma a tsakiyar kowanne akwai digo ruwan kasa, daya kuma gaba daya ya koma ruwan toka, amma shi tun yana karami farare ne tas

Likitan Dabbobi, Samaru:
Naka cinyewa ce ta aiki da shekaru, ƙashi da sarƙa da dutse. Ɗigon nan in sumul yake yana sheƙi, tsinke ba ya shiga, to dantin ne da haƙorin ya gina ya toshe kansa saboda cinyewar ta zo a hankali, ba komai. In kuwa baƙi ne kuma rami ne tsinke yana nutsewa, jijiya ce a buɗe. Shi kuma wanda ya koma ruwan toka gaba ɗaya, galibi bugu ya sha jini ya fashe a ciki, kuma mafi yawan irinsu sun mutu ko da kare bai nuna ba. Wannan ɗin a duba shi.

Mai Kiwon Karnuka, Sabon Gari:
Dakta gsky na ƙaru. Wanda distemfa ta ɓata wa haƙori in ya yi barbara 'ya'yan za su gado?

Likitan Dabbobi, Samaru:
Ba za su gada ba, tabon ciwo ne ba ya cikin jini. Su dai 'ya'yan a yi musu allurarsu a jere, uwar ma a tabbatar tata ta cika tun kafin ta ɗauki ciki.

Dan Farauta, Dakace:
Karyata ta haihu guda shida satin su biyar yanzu kuma bara irin wannan ciwon na kwantsa da majina ya kashe mana yaya da yawa a unguwa har na abokaina, in na hada da nasu zasu kai goma sha, sai mu kawo su Samaru ko ana zuwa gida

Likitan Dabbobi, Samaru:
Sati mai zuwa sun isa ta farko. Ku fara ba su maganin tsutsa a wannan satin, don tsutsa da yunwa su ma suna raunana haƙorin da ake ginawa kuma suna rage amfanin allurar. In kun haɗa su da yawa ya fi sauƙi ku yi magana da likita ya zo da allurar a cikin kula da ƙanƙara a yi a wuri ɗaya da sassafe, kowanne da katinsa, ku kuma sa ranar ta biyu tun a wajen. In kuwa kawo su za ku yi, ku zubo su a kwali ko kwando, kar a sauke su ƙasa a asibitin inda marasa lafiya suka taka, kuma duk wanda ya fara kwantsa ko zawo a ware shi kar a haɗo shi da sauran.